Ɗuren da Aka Yi Ina Tsaye

Sallama gare ku, ku da kuka saba leƙo wannan shafi. Na ga saƙonninku, masu tambayar ko an sa rana da masu cewa in turo hoton akwatunan lefe. Yau babu hoto. Abin da zan ba ku yau, da ana iya tofar da shi a kurkure baki a huta, da tuni na yi.

Don wanda yau ya fara karanta ni: sunana Ikrima, acaɓa nake yi a Daura, gidanmu yana bayan Kusugu. A aji uku na ƙaramar sakandare na bar makaranta, ba korata aka yi ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Shekara biyu ke nan ina neman Sadiya. Mahaifinta ya rasu, kawunanta kuma ba sa ƙetare maganar mahaifiyarta, Iya Shatu, ungozomar unguwarmu. Rabin yaran layinmu ita ta yanke musu cibiya, har da ni. Wata takwas tana juya ni kamar waina a tanda, yau ni, gobe wani Mahdi mai shagon taya a hanyar Zango. Sai makon jiya ta aiko cewa in turo magabatana da zarar an yi sunan abin da yayata za ta haifa. Ranar nan sai da na zagaya gari sau biyu babu fasinja, don murna kawai.

Yayar tawa, Yaya Raihana, gida ta dawo haihuwar fari kamar yadda aka saba. Mijinta Sha'aban yana Fatakwal yana sayar da albasa. Innarmu ta daɗe da rasuwa, don haka Goggo Rahmatu, ƙanwar Baba, ita ce uwar gidan, ga shi kunnenta ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya kamar mai kiran fasinja take ji. Cikin Yaya ya yi girman da mata suka yi ta cewa tagwaye ne. Ranar Talata da hantsi ta sauka, aka ce ruwan da ya zuba kamar an fasa randa, amma ɗa ɗaya ne, namiji, ɗan firit.

Tun ranar kumfa take fita daga bakinsa, fara fat kamar ta sabulu. A goge, ta dawo. Da aka kara masa nono ya kama da ƙarfinsa, zuƙa biyu sai ya sarƙe, nonon ya dawo ta hanci, leɓɓansa suka yi duhu. Aka ce majina ce. Aka ce beli ne, a kira wanzami. Safiyar Laraba na leƙa ɗakin na ga cikinsa ya kumbura kamar ƙwarya alhali ko ɗigo bai haɗiye ba. Ban tambayi kowa ba, na tayar da babur, na sa Goggo ta hau da shi a naɗe cikin tawul, muka nufi asibiti.

Likitan da ya duba shi saurayi ne, idanunsa jawur don gajiya. Ya zura masa wata siririyar roba ta baki, ta tafi kaɗan ta tsaya cak. Ya sake, ta sake tsayawa. Aka ɗauki hoton ƙirji, ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna min robar ta naɗe kamar igiyar guga a ƙasan wuya. Ya ce hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa tumbi ba ta haɗu ba. Ta sama ta toshe kamar aljihu, ta ƙasa kuma ta manne da hanyar numfashi. Duk abin da aka zuba masa, aljihun nan zai cika ya malala cikin huhu. Ya ce ana yin aikin a Kano, yara suna rayuwa, in dai an kai su huhunsu da tsabta.

Aka sa masa ruwa a hannu. Likitan ya ba ni takarda da sirinji mai 'yar roba a baki, ya koya min yadda zan riƙa zuƙe yawun, ya ce a riƙe kan yaron a sama. Sannan ya kama kafaɗata.

"Malam, kai nake gaya wa don na ga tsohuwar ba ta ji. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinsa. Ko zamzam. Daga nan Kano, kada ku tsaya."

Na ce to. Amma babu yadda za a yi a wuce da jariri Kano ba a ɗauki uwarsa ba, ba a kuma gaya wa Baba ba. Muka biya gida. Na sami Baba a zaure na faɗa masa, ya ɗauki hularsa ya fita neman shatar mota wurin wani direba da ya sani. Na shiga ciki na yi wa Goggo ihu a kunne cewa kar a ba shi komai. Ta gyaɗa kai. Daga baya na gane ta ɗauka maganin wanzami nake nufi. Yaya Raihana kuwa ban gaya mata ba, don ɗan fari ne, ko na yi maganarsa kanta za ta kawar. Tana zaune a bakin gado da jan zane, ta juya fuska bango, ɗakin yana warin ganyen darbejiya da kunun kanwa.

Ina cikin cusa tsummokara a jaka na ji sallamar Iya Shatu.

Ku da kuka yi neman aure a ƙasar nan kun san abin da ya biyo baya. Na ajiye jakar, na fita, na durƙusa a bakin ƙofa, idona a ƙasa, na gaishe ta. Ta amsa ba ta dube ni ba. Ta shiga da mata uku 'yan barka a bayanta, ta karɓi yaron daga hannun Goggo, ta ga filasta a hannunsa ta taɓe baki. Ta ce yaran asibitin nan ba su da aiki sai huda jarirai. Ta ce maƙoshinsa ne ya bushe ya liƙe, ta buɗe irinsa ba adadi tun ba a haifi likitan ba. Ta ce wane marar imani ne zai ɗauki yaro ya yi tafiyar Kano da yunwar kwana biyu. Ba zan yi mata ƙarya ba, tausayi ne a muryarta.

Ta sa aka kawo ruwan ɗumi a kofin silba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar kwalba, man shanu ne da zuma, ta murza dabino a ciki da yatsu. Ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta kwantar da shi a cinyarta kansa a ƙasa, ta tara tafin hannunta a gefen bakinsa. Ɗure. Da shi aka raini yawancinmu: a cika tafin hannu, a toshe hancin yaro da ɗan yatsa, in ya buɗe baki neman iska sai ya haɗiye dole.

Ina tsaye bayan labule, taku uku tsakanina da ita. Sirinjin likita yana aljihun rigata. Maganar tana bakina a shirye, kalma huɗu ce ko biyar. Kun san abin da ya zo min a rai? Ba yaron ba. Mahdi na gani zaune a zauren gidansu Sadiya. Na ji ana cewa a unguwa ɗan acaɓan nan tun bai shigo ba ya ƙaryata surukarsa a gaban mata.

Na yi gyaran murya. Na ce, "Iya, ai likita dai ya ce..."

"Wa ke magana a nan?" in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na ce, "Sannu da aiki na ce, Iya."

Haka na ce. Na rubuta muku shi yadda ya fito daga bakina, ku karanta ku tofa min.

Sau uku ta cika hannunta. A na farko ya yi wani ƙara kamar ana zuba ruwa a tulu. A na biyu ƙafafunsa suka miƙe. A na uku ya yi baƙi gaba ɗaya, ya saki jiki. Na ga yatsun ƙafar Yaya Raihana sun dunƙule a kan leda, amma ba ta juyo ba. Iya Shatu ta kife shi, ta bubbuga bayansa, ta hura masa iska a fuska, can ya ja numfashi da wani kakari. Matan suka ce alhamdulillahi, ya wuce. Ɗaya ta ce kun ga ya yi shiru, da ma yunwa ce. Iya ta goge hannunta a zane, ta karɓi goron da Goggo ta miƙa mata, ta ce in mun je Kano mu gaishe su, amma aikin an gama shi a nan. Da za ta fita na sake durƙusawa na ce a sauka lafiya.

A mota ni na riƙe shi, Yaya da Goggo suna gefena. Kafin mu kai Kazaure numfashinsa ya canza, sauri-sauri, da ƙara a ciki. Na zura robar na zuƙa. Abin da ya fito ba farin yawun safe ba ne, rawaya ne mai maiƙo, warin man shanu ya cika motar. Na riƙa matse sirinjin ta taga. A Ɗambatta na ce direba ya tsaya, na sayi ruwan leda, na wanke sirinjin tas, na goge masa baki da wuya, na canza masa tawul, na cusa mai warin a ƙarƙashin kujera. Goggo ta yi ta sa min albarka, wai ina da tsabta kamar mace. Ni kuwa na san abin da nake wankewa.

Bayan la'asar muka isa babban asibitin. Aka karɓe shi da sauri, aka sa shi a kwalba, aka maƙala masa iska a hanci. Likitar tiyatar yara ta fito, Dakta Amatullah, mace mai ɗan jiki da farin tabarau, silifas ɗin roba a ƙafarta. Ta karanta takardar Daura, ta duba hoton safe, ta ce huhunsa a nan ba laifi, kun yi ƙoƙari da kuka zo da wuri. Ta ce yawancin waɗanda suke rasawa ba aikin ne yake kashe su ba, ana kawo su ne bayan kwana biyar ko shida an cika musu huhu da nono da jiƙe-jiƙe. Ta yi min bayani a tsaye: za ta buɗe gefen ƙirjinsa na dama, ta raba hanyar abincin da ta numfashi, ta haɗa bakin sama da na ƙasa ta ɗinke. Bayan aikin sai ya kwana biyu ko uku a na'urar da ke yi wa jarirai numfashi, guda ɗaya ce kuma za ta samu gobe, akwai wata jaririya ma da ke jiranta, amma nasa ya fi gaggawa.

Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa. Ta daɗe. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Tun da aka ɗauki hoton nan, an ba shi wani abu ta baki?"

Na ce a'a.

Ta sake saurarawa, ta sake tambaya, ta ce ko ruwan addu'a ne in faɗa, ba faɗa za ta yi ba. Na ce wallahi babu. Ta ce to ƙila yawunsa ne ya shaƙa a hanya, a ci gaba da zuƙewa, gobe da safe za a shiga da shi.

Na fito na zauna a benci a baranda. Kafin magariba wayata ta yi ƙara. Saƙon Sadiya ne.

"Yaya Ikrima kun isa lafiya? Ya jikin ɗan namu?"

Na rubuta mata cewa yana kwalba, numfashinsa babu daɗi. Sai ga hotuna biyu sun shigo, atamfa ja mai zanen ganye da wata mai ruwan toka, an shimfiɗa su a kan gadonta kusa da madubi. Ta ce ankon suna ne, ƙawayen Yaya sun kasa tsayar da ɗaya. Sai wani saƙon.

"Iya ta ce in gaya maka, in likitoci sun yi tambaya kada a kawo sunanta. Ka san halin 'yan asibiti, bara sai da suka kira ta suka ce za su karɓe akwatin aikinta. Kuma ka san Lahadi Kawu zai zo daga garin Babban Mutum saboda maganarmu."

Ashe ta sani. Ashe Iya ma ta sani. Na rubuta, "Sadiya, yaron nan zai iya mutuwa." Na ga alamar tana rubutu, ta goge, ta sake.

"Allah ya ba shi lafiya. In kwanansa ya ƙare ko ba a ɗura ba zai tafi, kai ma ka sani. Ja ko mai ruwan toka?"

Shekara biyu ina ajiye saƙonninta, ko waya na canza sai na kwashe su. Wannan na karanta shi na ji kamar na taka wani abu da ƙafa babu takalmi. Amma ina da bakin zarginta? Ita tana kare uwarta ne daga nesa. Ni da idona na gani, na ce sannu da aiki, na wanke sirinji, na rantse da Allah a kan ƙarya.

Da safe bayan na dawo masallaci na tsaya a jikin gilashin ɗakin jariran. Duk numfashin da ya ja, fatar tsakanin haƙarƙarinsa sai ta lotsa ciki kamar ana tsotsa. Nas tana shirya takardun shiga tiyata. Wata mata ta matso kusa da ni, ita ce kakar jaririyar da ke jiran na'urar nan. Ta ɓallo rabin gurasarta ta ba ni, ta ce an gaya mata namu ne zai riga shiga, Allah ya sa a yi a sa'a, tasu za ta jira. Na riƙe gurasar na kasa kai ta baki.

A kan matakala na tare Dakta Amatullah tana hawowa da jakarta. Na ce mata jiya ƙarya na yi. Ba ta canza fuska ba. Ta ajiye jakar a kan matakala, ta fito da biro, ta tambaye ni me aka ba shi, sau nawa, da ƙarfe nawa, kansa yana sama ko ƙasa. Da na ce man shanu sai ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta ce maiƙo ya fi nono ɓarna a huhu, ba ya fita da sauri.

"Da na buɗe ƙirjinsa a haka, a kan tebur za mu rasa shi," in ji ta. "Da kuma jiya ka faɗa, da tun jiya na sake hoton, na canza masa magani. Ka ci masa kwana guda, Malam, shi kuwa duka kwanansa uku a duniya."

Ba ta ƙara ko kalma a kaina ba, na kuwa so ta zage ni. Ta tambayi wadda ta yi ɗuren. Ta ce ba don a kama kowa ba ne, za ta rubuta wa ma'aikatan lafiya na can su zauna da ita, don gobe ma za a haifi wani mai kumfa a baki a unguwarku. Na ba ta sunan Iya Shatu da sunan layinmu, ta rubuta.

Sabon hoton ya nuna huhun dama ya yi fari daga sama har tsakiya. Aka fasa aikin. Na'urar aka ba jaririyar matar mai gurasa. Namu za a ci gaba da zuƙe masa yawu kowane ɗan lokaci, da allurai, da ruwa ta jijiya, a ga ko huhun zai washe cikin kwana uku ko huɗu. In ya washe za a yi aikin, in na'urar ta samu. In bai washe ba, ta ce za mu sake zama. Ta ce ba za ta yi min alkawarin komai ba.

Na tura wa Sadiya kalma biyu: "Na faɗa." Ta karanta. Bayan minti kaɗan hotonta ya ɓace daga saman shafin, saƙon da na ƙara turawa bai shiga ba. Na yi zaton zan ji zafi. Abin da na ji kawai shi ne ina son in yi wanka.

Da azahar Sha'aban ya iso. Tun jiya yake hanya daga Fatakwal, a bayan motar kaya ya yi rabin tafiyar, rigarsa duk ƙura, leda ɗaya ce a hannunsa da 'yan kayan jarirai da ya saya a tasha, har da hula mai kunnen zomo. Mutum ne mai wasa da ni, kullum direban jirgin ƙasa yake kirana. Ya fara shiga ofishin likita, ya jima, sannan ya fito ya same ni a baranda. Ya kama hannuna da hannayensa biyu. Ya ce Baba ya gaya masa a waya ni na ɗauki yaron na kai asibiti ba tare da na jira kowa ba, ni na riƙe shi har Kano. Ya ce in Allah ya raya yaron nan, sunana zai sa masa.

Bai saki hannuna ba ya ce, "Likita ta ce bayan an hana, wata ta yi masa ɗure a gida. Kai lokacin ka tafi neman mota ko?"

Da a ce na ce e, da maganar ta wuce. Goggo ba za ta ji tambayar ba, Yaya ba za ta yi maganar ɗan fari da mijinta ba.

Na ce, "Baba ne ya tafi neman mota. Ni ina bakin ƙofa."

"Kana ji?"

"Ina gani."

Ya dube ni kamar yana jiran sauran maganar. Babu saura. A hankali ya zare hannayensa, ya sunkuya ya ɗauki ledarsa, ya taka zuwa jikin gilashin. Jarirai shida ne a jere a ciki, bai taɓa ganin nasa ba. Ina tsaye a bayansa, hannuna har ya fara ɗagawa zan nuna masa na biyu daga taga. Bai waiwayo ba. Ya ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa har nas ta leƙo.

Ya ce, "Baiwar Allah, don Allah wanne ne nawa?"